Hayar Keke: Daga Gindin Darbejiyar Fagge Zuwa Titunan Ƙasashen Waje

Yau da zancen keke na zo muku. Na san tun daga ganin kan maganar wata za ta ce, "Haba Malama, ina ruwan mace da keke?" To, ki yi haƙuri ki bi ni a hankali har ƙarshe, sa'an nan ki faɗi naki.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanan baya wata 'yar ƙanwar mahaifiyata ta dawo daga wani birni na Turai, inda ta raka maigidanta kwas na wata uku. Muka taru muka je yi mata barka da sauka a gidansu da ke Fagge. Bayan an ci an sha an raba tsaraba, sai ta shiga ba mu labari. A cikin labaran nata guda uku ne suka tsaya mini a rai, kuma dukkansu a kan keke ne.

Na farko, ta ce ranar da ta fi jin daɗi a duk zamanta can ita ce wata Lahadi da suka ɗauki keken haya a bakin titi, ita da maigidan, suka bi gefen kogi. A cikin awa biyu, in ji ta, ta ga garin fiye da yadda ta gan shi a mako shida tana shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa kamar gafiya a rami. Na biyu, washegari ta tashi ta tarar an zare mata kuɗi masu nauyi daga banki, sabo da ba ta mayar da keken yadda ya kamata ba, ya kwana ana lissafa mata haya. Na uku, akwai wasu matan Nijeriya biyu da aka fita tare da su ran nan, amma a kan benci suka wuni suna gadin jakunkuna, don babu wadda ta taɓa koyon keke a cikinsu.

Yau mata suna tafiya fiye da da. 'Yan kasuwar Kantin Kwari suna zuwa Dubai da Guangzhou sarin kaya. Masu jinya suna raka 'yan'uwansu Alƙahira da Indiya. Ɗalibai mata suna samun gurbin karatu a Ingila da Faransa da sauran ƙasashe. Ke da kike aji uku na sakandare yau, ba ki san inda karatu zai kai ki gobe ba. Sabo da haka na ga ya dace mu zauna mu warware wannan al'amari, don kada wata ta yi asarar kuɗi, kada kuma wata ta wuni a kan benci.

Hayar da muka sani

Kowace 'yar Fagge ko Sabon Gari ta san mai hayar keke. Ga shi can a gindin darbejiya ko a bakin wani kango, da ƙananan kekuna goma ko sha biyu a jere, ga famfo, ga kwanon ruwan neman huji, ga robar faci, ga wani tsohon littafi da biro ɗaure da zare. Yaro zai miƙa kuɗinsa, a lokacinmu naira goma ce, mai haya ya dubi agogo ya rubuta suna da lokaci, ya ce, "Kada ka wuce masallaci, kada ka hau kwalta." Ranar Salla kuwa sai ki ga layi, kowa da goron Sallarsa a dunƙule a hannu yana jiran a dawo da keke.

In kin lura da kyau, wannan sana'a a kan abu uku take tsaye. Na ɗaya lokaci: in ka wuce, sai ka cika kuɗi. Na biyu jingina: in mai haya ya san ubanka, sanin nan shi ne jinginarka, amma in kai baƙo ne sai ka bar takalmi ko hula, ko ka kawo wanda zai tsaya maka. Na uku mayarwa: haya ba ta ƙare ba sai ka danƙa keken a hannun mai shi ya soke sunanka a littafi. Yaron da ya jingine keke a bango ya zame, to bayan magariba zai ji sallamar mai haya a ƙofar gidansu.

Unguwannin nan namu biyu sun daɗe da sanin yadda ake ma'amala da baƙo. Tun kafin zuwan Turawa, Fagge zango ne a bayan ganuwa inda fatake da Buzaye masu raƙuma suke sauka. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Har yau sunayen titunanta suna ba da shaida, irin su Enugu Road da Abeokuta Road da Gold Coast. A zamanin kakanninmu, akawu ko malamin makaranta da ya mallaki keke Raleigh, wanda asalinsa daga Nottingham ta Ingila yake, ya kai wani matsayi a unguwa. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa. Wanda bai da nasa, sai haya.

To, ranar da kika sauka a wata ƙasa, ke ce baƙuwar. Ba wanda ya san mahaifinki, ba wanda zai tsaya miki. Keken haya na can kuwa, in kin cire ƙyale-ƙyalen, hayar Fagge ce aka ɗauke mai hayar aka sa na'ura a gurbinsa. Lokaci yana nan, jingina tana nan, mayarwa tana nan. Bambancin kawai, na'ura ba ta jin "don Allah Malam a yi haƙuri."

Yadda abin ya faro

Turawa sun yi shekara da shekaru suna neman yadda za a yi hayar keke ba tare da mai haya ba. A 1965 wasu matasa a birnin Amstadam na ƙasar Holan suka shafa wa kekuna farin fenti suka ajiye a titi ba makulli, wai duk mai bukata ya hau, in ya gama ya bari wa wani. Abin bai yi nisa ba, 'yan sanda suka kwashe su. Da sun tambayi mai haya na Fagge, da ya gaya musu kayan da ba jingina ba ya daɗewa.

A 1995 birnin Kopenhagen na Danmak ya fito da dabarar jingina: ki sa tsabar kuɗi a jikin makulli keken ya buɗe, in kin mayar kuɗinki ya faɗo. Amma jinginar ba ta taka kara ta karya ba, kuma ba a san wanda ya ɗauka ba, sai kekuna suka riƙa ɓacewa. Aka ci gaba da gwaji har aka kai ga amfani da katin banki, wanda yake ɗauke da sunan mutum da aljihunsa gaba ɗaya. Watau dai littafin mai haya ne ya dawo ta wata siffa. Birnin Liyon na Faransa ya fara nasa a 2005. Faris ta buɗe nata mai suna Vélib' a watan Yuli na 2007 da kekuna wajen 10,000 a tashoshi 750. Landan ta biyo baya a 2010.

A nahiyarmu, birnin Marrakesh na Maroko ne ya fara a 2016, lokacin da ya karɓi baƙuncin babban taron duniya kan sauyin yanayi. Kigali ta Ruwanda ta fara a 2021, Alƙahira a 2022. Dubai, wadda 'yan kasuwarmu suka fi sani, ta buɗe nata a 2020, kuma kekunan suna da ɗan injin lantarki mai taimaka wa ƙafa.

A ƙasar Sin kuwa, wajen 2016 aka fito da wani sabon salo, keke marar tasha: yana tsaye a ko'ina a gefen titi, da waya ake buɗe shi. Kamfanoni suka yi ta gasa suna zuba kekuna har suka toshe hanyar masu tafiya a ƙasa, hukuma ta riƙa kwashewa tana tarawa tsibi-tsibi a fili. A ƙarshen 2018 wani babba daga cikin kamfanonin, mai suna Ofo, ya durƙushe, miliyoyin mutane suka shiga layin neman a mayar musu da jinginarsu. Darasin da ke ciki shi ne, kafin ki ba da jingina ki san wa kika ba.

Yadda ake ɗauka

Iri biyu za ki tarar. Akwai mai tasha, inda kekuna suke jere kowanne an soka ƙafarsa ta gaba a cikin wani ƙarfe da ke riƙe shi. Mu kira ƙarfen nan turke, don aikinsa ke nan. A nan za ki biya ko dai a jikin na'urar da ke tsaye a tashar, ko ta manhajar waya, a ba ki lamba ki danna a jikin turken, keken ya saki. Akwai kuma marar tasha, wanda za ki haska wani ɗan zane mai kusurwa huɗu da ke jikinsa da kyamarar wayarki, makullin ya buɗe. A ƙasar Sin yawanci da manhajar biyan kuɗi irin Alipay ko WeChat ake yin haka.

Shiri tun daga gida yake farawa. Ki je bankinki ki tambaya ko katinki zai yi aiki a ƙasar da za ki, kuma nawa ne iyakarsa. Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin a 2022 bankunan Nijeriya da dama sun tsayar da amfani da katin naira a waje, sai a 2025 wasu suka dawo da shi, shi ma da iyaka. Ki sauke manhajar ki yi rajista tun kina masauki inda akwai intanet, kada ki bari sai kin tsaya a bakin titi cikin sanyi. Ki tabbata akwai data a wayarki kuma cajinta cike yake, sabo da da ita za ki buɗe, sau da yawa kuma da ita za ki rufe.

Kafin ki zare keke, ki yi masa irin duban da yaran unguwarmu suke yi: ki matsa taya ki ji ko akwai iska, ki kama birki biyun, ki juya feda, ki kaɗa ƙararrawa. Ki sauke sirdi yadda ƙafarki za ta taɓa ƙasa in kin tsaya. Haka nan ki gane wane hannu ne birkin gaba, don a Ingila yawanci yana hannun dama, a Faransa kuwa yana hagu. Wadda ta damƙe birkin gaba shi kaɗai tana cikin gudu, ta kan keke za ta wuntsila.

Kada nauyinsa ya ba ki tsoro. Irin na Landan da Faris ya haura kilo 20, watau kusan rabin buhun siminti, an yi shi ne don ya jure hannu da yawa. Amma yana da abubuwan da suka dace da mu: babu sandar nan ta tsakiya da ke tilasta wa mutum ɗaga ƙafa, an rufe sarƙarsa, yana da wurin ajiye jaka a gaba, fitilarsa kuma da kanta take kamawa.

Inda kuɗi ke zurarewa

A nan ne 'yar'uwata ta sha kashi, don haka ki karanta da natsuwa.

Da fari, an yi keken nan ne don gajeriyar tafiya. A yawancin birane da rabin awa-rabin awa ake lissafi, ko da minti-minti. Ko kin sayi tikitin yini guda, ma'anarsa a mafi yawan wurare ita ce kina iya ɗauka sau da yawa a yinin, amma kowane ɗauka yana da iyakar lokacinsa. Masu wayo sukan mayar da keken a wata tasha kafin lokaci ya cika, su ɗan huta, su sake zarar wani. In kika jingine shi a ƙofar kanti kika shiga ciniki na awa biyu, agogo yana can yana tafiya, in kuma aka sace shi, a wuyanki yake. In kina son keken da zai wuni a hannunki, ki nemi shagon haya mai mutum a ciki. A Amstadam ma, inda abin ya samo asali, yawancin baƙi shago suke zuwa.

Na biyu, mayarwa. Ita 'yar'uwar tawa ta tura keken cikin turke, ta ji ya yi ƙara, ta juya ta tafi. Ashe bai kama ba. Abin da ya kamata shi ne ki tura shi da ƙarfi, ki tsaya sai kin ga koriyar fitila ta kama ko kin ji alamar da aka tanada, sa'an nan ki ja shi baya ki ji ya ƙi fitowa. Ki duba wayarki ki ga saƙon cewa tafiya ta ƙare. In marar tasha ne, ki ajiye shi a cikin wurin da aka shata, ki rufe, ki danna gamawa a manhaja, ki ɗauki hotonsa. Ajiye shi a wajen iyaka yana jawo tara. Hoton nan shi ne shaidarki in gardama ta taso. Ita da ba ta da shaida, sai da maigidanta ya yi kwana da kwanaki yana rubuce-rubuce kafin a mayar musu da wani abu daga ciki.

Wani lokaci za ki isa tasha ki tarar ta cika, babu turke ko ɗaya. Kada ki rikice, manhaja tana nuna tashar da ke kusa mai gurbi. A Landan har ana iya neman ƙarin minti 15 kyauta a jikin na'urar tashar da ta cika. Amma in jirgi za ki kama ko kina da alkawari da likita, ki bar rarar lokaci sabo da irin wannan.

Na uku, jingina. Wasu kamfanonin sukan riƙe wani kaso na kuɗin da ke katinki har sai kin gama, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin banki ya sake shi. A wurin ɗan ƙasa ƙaramin abu ne, amma ke da kika canza naira, yana iya zama kuɗin cefanenki na mako guda. Ki karanta nawa ne kafin ki amince, kuma in da hali kada ki yi amfani da katin da duk guzurinki yake ciki. Daɗin daɗawa, kada tausayi ya sa ki buɗe wa wanda ba ki sani ba keke da katinki. Sunan da ke littafi shi ake bi bashi.

Dokar hanya

Abu na farko da za ki tambaya a kowace ƙasa shi ne ta wane hannu ake tuƙi. Mu a Nijeriya mun koma hannun dama tun watan Afrilu na 1972, haka ake yi a Faransa da Holan da Masar da Maroko da Dubai da Sin. Amma a Ingila da Indiya da Kenya hagu ake bi. Haɗarin ya fi yawa a mahaɗa da shataletale, inda ido ya saba duban wani ɓangare alhali mota ta ɗayan take zuwa.

Birane da yawa sun ware wa keke hanyarsa, a Holan ja-ja ce. Ki tsaya a cikinta, ki bi inda kibiya ta nuna. A Ingila laifi ne hawa keke a kan daɓen masu tafiya a ƙasa. Danja ta shafe ki kamar yadda ta shafi mota. In za ki karya kwana ki miƙa hannu tun da wuri. Ki ba motocin da ke tsaye a gefe tazara, don ba ki san lokacin da wani zai bankaɗe ƙofa ba. Babbar mota ko bas kuwa, kada ki kuskura ki kutsa tsakaninta da bakin titi in tana shirin juyawa, direban ba ya ganinki. Ki tsaya a bayanta ta wuce.

Waya ta zauna a jaka. Holan ta hana riƙe waya a kan keke tun 2019, Faransa ta hana sa abin sauraro a kunne tun 2015, kuma ana cin tara. In kin ɓata, ki tsaya a gefe ki duba taswira ko ki yi tambaya, matambayi ba ya ɓata. A Dubai doka ce a sa hular kwano, a inda ba doka ba ma alheri ce ga kanki. Yara ƙanana ba a ba su irin wannan keke, a Landan da Faris sai wanda ya kai shekara 14. Ranar farko ki fara da lambun shaƙatawa ko gefen kogi da safiyar ranar hutu, kada ki fara da tsakiyar kasuwa.

Sai batun sutura, wanda ba za ki same shi a takardar kamfani ba. Duk wadda ta yi zamanin acaɓa a Kano ta san abin da bakin hijabi ko gyale yake yi in ya shiga cikin ƙafar babur. Haka yake a keke. Ki sa wando a ciki, ki zaɓi riga mai faɗi wadda ba ta jan ƙasa da hijabi madaidaici, ki tattare abin da ya yi saura ki zauna a kai. Zani ɗaurin ƙugu da siket matsattse ba na keke ba ne. Takalmi ya zama mai rufe ƙafa marar tsini. Da haka za ki yi tafiyarki a rufe cikin mutunci. In kina da aure, ku yi shawara da maigida tun a gida, in ma ya samu ku fita tare, ya fi daɗi kuma ya fi kwanciyar hankali.

To, kin iya?

Duk abin da na zayyana a sama ba shi da amfani ga wadda ba ta iya hawa ba. Mu koma ga matan nan biyu na kan benci. Ba kuɗi suka rasa ba, ba kuma wayo ba. An hana su ne tun suna yara.

Mu faɗa wa juna gaskiya. A unguwanninmu yarinya takan yi hayar keke tare da yayyenta maza tana 'yar shekara shida ko bakwai, amma da ta fara tasawa sai a ce ta bari, keke na maza ne. Wata ma ba a taɓa barinta ta gwada ba. Wasu iyaye kunya suke ji, wasu tsoron mota, wasu kuma sun ji ana cewa wai keke yana ɓata 'ya mace. Wannan na ƙarshe camfi ne. Mutuncin yarinya a tarbiyyarta yake, sirdin keke ba ya ɗauke shi, uwar da ke shakka ta tambayi ungozoma ko likitar mata. Tsoron mota kuwa gaskiya ne, ni ma ba zan ce wata ta tura 'yarta France Road ko shataletalen Bata a kan keke ba, inda A Daidaita Sahu suke rububi kuma ba a ware wa keke hanya ba. Amma koyo ba a kan kwalta ake yinsa ba. A tsakar gida ake yi, ko a lungu, ko a filin makaranta bayan an tashi.

A Wagadugu ta Burkina Faso, mata da goyo a baya suna tuƙa keke zuwa kasuwa, ba mai ko waiwayarsu. Maƙwabtanmu na Sabon Gari da suka fito daga ƙasar Ibo za su gaya miki a ƙauyukansu iyaye mata da keke suke kai kaya kasuwa. A jihar Bihar ta Indiya, a 2006 gwamnati ta fara ba 'yan matan da suka shiga sakandare kuɗin sayen keke. Masu binciken da suka bi diddigin shirin sun gano ya ƙara yawan 'yan matan da ke shiga sakandare a kan kari da kashi 32 cikin 100.

Wannan lissafi ya taɓa ni, don ina ganin irinsa a aji. Tun da aka hana goyo a babur a cikin birnin Kano a watan Janairu na 2013, A Daidaita Sahu ya zama abin hawan yawancin ɗalibai. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, kuɗin mota ya yi tashin da iyaye da yawa suka kasa. Yaro namiji sai a gyara masa tsohon keken babansa, ya zo makaranta a kan lokaci. Ƙanwarsa ko ta tako a ƙasa ta iso an gama darasin farko, ko a ce yau ta zauna a gida babu kuɗin mota. Ba na cewa keke zai warware wannan matsala gaba ɗaya, kowane gida da hanyarsa da halinsa. Amma yarinyar da ta iya tana da zaɓin da wadda ba ta iya ba ba ta da shi, a nan gida ko a wata ƙasa.

Ke kuma uwargida da kike ganin lokaci ya wuce miki, bai wuce ba. Ki ari keken ɗanki ko na ƙaninki, a sauke miki sirdi har tafin ƙafafunki biyu su zauna a ƙasa. Ki manta da feda tukuna. Ki riƙa tura kanki da ƙafa kina ɗaga su kaɗan-kaɗan, idonki a gaba, ba a kan taya ba. In kin ji kina iya tafiya 'yar tazara ƙafa a sama ba ki karkace ba, to kin ci rabin aikin, sai ki ɗora ƙafa a feda. Ki koyi tsayawa da birki biyu a hankali kafin ki koyi gudu. Ki yi haka da yamma-yamma na 'yan kwanaki a tsakar gida, ƙofa a rufe in kina jin nauyin idon mutane. Yara za su yi miki dariya ranar farko, ki bar su su yi. Abu ne da in jiki ya koya ba ya mantawa. Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne ki ce sai kin je can za ki koya a kan keken haya mai nauyi, a titin da ba ki sani ba, agogo yana cin kuɗinki.

Sabo da haka, 'yar'uwa, in tafiya ta same ki, ki tuna da mai hayar unguwarku da littafinsa. Ki san lokacinki, ki san jinginarki, kada ki juya baya sai kin tabbata an soke sunanki. In kuma ran Asabar ɗin nan kika ba ɗanki kuɗin hayar keke, kika ga ƙanwarsa ta tsaya a bakin zaure tana kallo, ki ƙara kuɗin ya zama na mutum biyu, ki ce ya riƙe mata sirdi.

A nan zan dakata. Wadda ta taɓa hawa irin wannan keke a wata ƙasa, ko wadda ta koyi keke bayan ta yi aure, ta rubuto mana yadda ta yi don 'yan'uwa su ƙaru.